Kwana Biyar a Ƙirjin Gwaggo

Ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, gidanta na Rigachikun bai ɗauke mu ba. Ɗaki biyu ne da rumfa, amma kafin la'asar sai da maƙwabta suka buɗe tsakar gidajensu aka shimfiɗa tabarmi. Ni da na taso daga Badarawa ina ganin mu ne dangi, mu za a yi wa gaisuwa, sai na tarar kowace mace ta shigo kuka take kamar uwarta aka ɗauka. Har na fara jin haushi, don ni mace ce mai saurin jin haushi, ban taɓa musu ba. Matar da ba ta bar ɗa ko jika ba, ina ta samo wannan jama'a?

Wata mai sayar da awara ta matso ta kama hannuna.

"Ya haƙuri, Hajiya? Uwarmu ta tafi. 'Ya'yana shida, babu wanda ba ita ta fara kama masa nono ba."

Ban gama amsa mata ba aka aiko daga zaure, wai wani yana son ya gaishe da 'yar marigayiya. Na ja mayafi na fita, na tarar da wani ƙaton mutum, direban tifa, ya durƙusa a ƙasa yana murza hularsa.

"Hajiya, ni bakwaini ne," in ji shi. "An ce mahaifiyata ba ta san inda kanta yake ba bayan ta haife ni. Gwaggo ce ta ɗaure ni a ƙirjinta har ta farfaɗo. Duk wannan jikin da kike gani, bayan Allah, nata ne."

Ya share ido da hular, ya tashi ya tafi. Na koma ciki. Ina zama wata dattijuwa ta nuna ni da baki ta ce wa sauran, "Ai alhamdu lillahi ta bar magajiya. Wannan ce fa take koya wa mata a Islamiyyar Badarawa yadda ake ɗora jariri a ƙirji. Jini ba ya ƙarya." Suka yi ta sa min albarka. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne.

Kunya ce. Akwai abin da na ɓoye shekara ashirin da shida, na ɓoye wa mijina, na ɓoye wa matan da nake koyarwa, na ɓoye wa 'yata ta fari, wadda a ranar take zaune kusa da ni da cikinta na wata shida tana raba wa baƙi ruwa. Mai rufa min asiri ta tafi, kuma na gane in ban faɗa ba za a binne hakkinta sau biyu.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Da mahaifiyarmu ta rasu ina aji biyu a sakandare, ita ta bar sana'arta ta zo Kurmin Mashi ta zauna da mu shekara guda, har mahaifinmu ya dawo hayyacinsa. Shi masinja ne a wata ma'aikata, mutum mai son a ce 'ya'yansa 'yan birni ne. Ita kuwa ko a jikinta. Daddawa take yi da man gyaɗa, kuma duk inda ta zauna sai an san mai daddawa ta zauna. Ba ta hawa kujera, wai tana sa mata jiri. In damina ta yi, takalminta a hannu take riƙewa ta taka da ƙafa, ta ce ƙafa ba ta tsinkewa. Ta taɓa kawo min ziyara makarantar kwana da ƙunshin daddawa a leda, na ce wa ƙawayena mai aikinmu ce. Tana jina, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta ce su yi karatu. Kun ga ashe halin nawa ya daɗe.

Ungozoma ce, amma ba irin waɗanda muka saba gani ba. Kullum a yanke farcenta yake. Kafin ta taɓa jariri sai ta wanke hannu da sabulu, sannan ta cusa su a hammata su yi ɗumi. Ba ta shafa turare in za ta gidan haihuwa, ta ce yaro ƙanshin uwarsa yake nema, kada a ɓatar da shi. Rigunanta duk masu faɗin wuya ne, har tela ya gaji da gardama ya riƙa ɗinka mata haka. Tana da wani tsohon zanen atamfa da wanki ya cinye har ya yi laushi, shi take kira zanen aiki. In ta ga haihuwa ta fi ƙarfinta ba ta tsayawa nuna gwaninta, ita ke fara cewa a nemo mota.

Abin da aka san ta da shi kuwa, har ake mata dariya a kai, shi ne ba ta yarda a wanke jariri da ya faɗo. Sai ta goge shi, ta kifa shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ta rufe su da zane, ta zauna ta tsare har ya lalubo nono da kansa. In uwar ta noƙe sai ta ce, "Wata tara yana jin bugun zuciyarki, yau ya fito za ki ce ba ki san shi ba?" Nonon farko, dakashi, wanda mutane ke tatsewa su zubar wai datti ne, ita cewa take shi ne ruwan baƙo. Ina yarinya na ji waɗannan maganganu har na haddace su, amma a wurina hirar tsofaffi ce.

Na yi aure a Badarawa, gidan manyan ma'aikata. Surukina tsohon babban sakatare ne, uwar mijina Hajiya kuwa mace ce mai tsari, ko cokali ya san wurin zamansa a gidanta. Ni ma na samu aikin buga takardu a wata ma'aikata, na fara jin kaina. Abu ɗaya nake tsoro a gidan nan, kada a ce 'yar masinja ba ta da tarbiyya. Shi ya sa da na samu ciki na ƙudura cewa za a ga kunya. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kallonsa, ba ta nuna ta damu da shi. Mai yin haka ita ce 'yar mutunci, wadda ta rungume ɗanta kuwa an dinga labarinta ke nan a gidan biki.

An shirya zan koma gidanmu in watan haihuwa ya tsaya, amma Allah bai nufa ba. Cikin bai cika wata takwas ba, ana tsakiyar marka, Gwaggo ta zo kawo min daddawa da kanwa na tanadin jego. Bayan azahar naƙuda ta taso. Mijina yana ofis da motar, ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin a samo abin hawa har na sauka a ɗakina, a hannun Gwaggo. Mace ce, 'yar mitsitsiya, kukanta ma sai ka kasa kunne.

Hajiya ta shigo da ƙannen mijina biyu da wata maƙwabciya, an riga an ɗora ruwan wanka. Gwaggo ta goge yarinyar, ta janye zanen da na rufe ƙirjina da shi, ta kifa min ita. Har yau ina jin nauyinta, ɗan kaɗan, da ɗuminta, da yadda ta motsa kai. Kuma har yau ina ganin yadda ƙanwar mijina ta taɓo 'yar'uwarta da gwiwar hannu.

"Gwaggo, cire min," na ce.

"'Yar nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan ba ta da tsokar da za ta riƙe ɗumi. Ki bar ta."

"Na ce ki cire min!"

Na ture hannunta da yarinyar gaba ɗaya, na juya fuskata bango. Na ji maƙwabciyar nan ta ce, "Kai, yarinya mai kunya, Allah Ya yi miki albarka." Kuma na ji daɗin maganar. Wannan ma sai na faɗa.

Gwaggo ta ɗauke yarinyar. Ta zauna a tabarma ta jingina da bango, ta zura yarinyar ta wuyan rigarta, ta kwantar da ita a ƙirjinta, ta ɗauko zanen aiki ta ɗaure su tare. Hajiya ta ce a kawo ta a yi mata wanka.

"Ba yau ba, Hajiya. In an sa ta a ruwa yau, sai dai a yi mata na biyun gobe, na gawa."

Ba a saba yi wa Hajiya irin wannan magana ba. Gwaggo ta ƙara da cewa in ruwa ya tsagaita a kai yarinyar asibiti a duba ta, Hajiya ta ce a gidanta jariri ba ya fita kafin suna, ita ma ta haifi bakwai ta raina. Aka tsaya a nan.

Washegari aka yi rigimar dakashi. Hajiya ta aiko da ɗan kwano a tatse a zubar, a riƙa ɗiga wa yarinya ruwan dabino har nono ya wanke. Gwaggo ta karɓi kwanon ta kife.

"Hajiya, akuya ma ba ta zubar da nata."

"Au, surukar tawa kike haɗawa da akuya?"

"Wane ni. Cewa na yi akuyar ta fi mu sanin darajarsa."

Hajiya ta fita tana cewa dama an ce mata dangin nan sai haƙuri. Ni kuwa ina kwance, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban ji haushin Hajiya ba ko kaɗan, Gwaggo nake jin haushi.

Kwana biyar yarinyar nan tana ƙirjin Gwaggo. A zaune take barci. Sallarta ma sai ta lallaɓa ta ajiye min ita cikin zanena, ta idar a gaggauce ta dawo ta karɓa. Tana lura da lokacin da ɗakin zai zama ba kowa, in an tafi girki ko an tashi salla, sai ta tura ƙofa ta kawo min ita. Kwana biyun farko yarinyar ba ta da ƙarfin tsotso, Gwaggo ta koya min in tatsa a ƙaramin cokali, tana ɗiga mata a gefen baki tana cewa, "Sha, baƙuwa, naki ne." A rana ta uku ta kama da kanta. Gwaggo ta yi guɗa ƙasa-ƙasa don kada a ji.

Ba zan ce ba na son 'yata ba. In ƙofa tana rufe, ji nake kamar kada a ɗauke ta. Ina ƙirga yatsunta, ina shinshina kanta. Amma da na ji takun takalmi a baranda sai in cire mata nono daga baki in miƙa wa Gwaggo, in juya. Yarinyar ta yi ta wawure-wawure da baki, Gwaggo ta mayar da ita cikin riga tana jijjigawa. Sau ɗaya kawai ta yi min magana a kai. Ta ce, "'Yar nan, waɗanda kike jin kunyar nan, in wani abu ya faru, gaisuwa kawai za su yi miki su tafi gida."

A rana ta biyar matan abokan aikin mijina suka zo barka, su huɗu, leshi da gwal, ɗakin ya cika da turare. Suka tarar da tsohuwa a tabarma, wuyan riga a buɗe, ɗan kan jaririya ya leƙo. Ɗaya ta tuntsire da dariya.

"Ikon Allah! Wai wace ce mai jegon? Ko Baba ce ta haihu?"

Duk suka yi dariya. Ni ma na yi, har da rufe baki da gefen mayafi. Gwaggo ta yi murmushi ta ce musu sannunku da zuwa. Da suka nemi ɗaukar yarinya ta ce su yi haƙuri su gan ta daga nan, suka kalli juna.

Suna fita na tashi zaune. Jibi suna, gidan zai cika da irin waɗannan mata, shi kaɗai nake hangowa.

"Gwaggo, don Allah ki koma gida haka nan."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ki bar ni in ɗaga kai a gidan mutane. Nan ba Rigachikun ba ne. An sayo mata kayan sanyi da shawul da gado, ba sai an goye ta a gaba kamar 'yar biri ba."

Haka na ce, da bakina. Ta kwance zanen a hankali, ta fito da yarinyar, ta dubi fuskarta sosai, ta ajiye min ita a cinya.

"To, 'yar nan. Amma ki ji. Ki riƙa taɓa tafin ƙafarta da leɓenki. In kika ji sanyi, ki manta da kowa, ki sa ta a jikinki ku tafi asibiti. Kin ji ni?"

Na ce na ji, don dai ta tafi. Ta bar min zanen aiki a gefen gado. Ta shiga ta yi wa Hajiya sallama da godiya, ta ɗauki takalminta a hannu ta fita, ana yayyafi. Zanen kuwa na ba mai wanke-wanke ta yi tsumma da shi.

Aka yi wa yarinya wanka, aka sa mata kayan ulu har hawa uku, aka kwantar da ita a gadonta, kowa ya ce yanzu ne ta yi kama da 'yar gidan. Washegari da hantsi na lura ba ta tashi neman nono ba. Na ce barci ne. Har azahar. Da na tuna na kai leɓena tafin ƙafarta, sai na ji kamar na taɓa randa. Ihun da na yi shi ya kawo Hajiya a guje, kuma ranar babu wanda ya tuna da cewa jariri ba ya fita kafin suna.

A asibiti wata nas, babbar mace mai faɗa, ta tuɓe kayan ulun nan ta jefar gefe. Bayan sun yi abin da za su yi, yarinya ta fara motsi, sai ta ce in buɗe rigata. A gaban mijina, a gaban masu jinya, ta kifa min ita a ƙirji ta ɗaure mu da zane, ɗaurin Gwaggo sak, har inda ake cusa bakin zanen. Ta ce haka zan zauna da ita, in ba ta nono ko ta nema ko ba ta nema ba. Sannan ta tambaya.

"Wannan a gida aka haife ta, ta kai kwana shida? Wa ya riƙa ɗumama ta? An ba ta nonon farko?"

Mijina ya dube ni. Shi bai san komai ba, maza ba sa zama ɗakin jego. Hajiya tana tsaye, ta kawar da kai.

"Ni ce," na ce. "A jikina na riƙa sa ta."

"To kin yi dabara, yarinya. Da ba haka ba, da ba ki kawo ta nan ba ma."

Aka yi suna muna asibiti, rago kawai aka yanka. Mijina ya riƙa ba abokansa labarin dabarar matarsa. Hajiya ba ta taɓa ƙaryata ni ba, don gaskiyar ita ma ba za ta yi mata daɗi ba. Mahaifina ya tambayi Gwaggo dalilin da ya sa ta tafi kafin suna, ta ce masa ciwon ƙafarta ne ya tashi.

Daga nan labari ya zama nawa. Duk wadda ta haifi ƙaramin yaro a unguwa sai a ce a kira maman wance, ta san kan abin. Da aka buɗe ajin mata a Islamiyya aka ba ni lokaci ina yi musu bayani, a ɗora jariri a ƙirji da zarar ya fito, kada a yi gaggawar wanka, kada a zubar da dakashi, kada a ba shi ruwa. Har maganganun Gwaggo nake ara, in ce wata tara yana jin bugun zuciyarki, mata su ce kai Malama akwai hikima. In an tambaye ni inda na koya sai in ce asibiti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwaggo ba ta yi fushi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Da muka yi arba'in ta zo da daddawarta, ta zauna a tabarma, ta karɓi yarinya ta juya ta ta ce, "Lallai an sha nono." Sauran haihuwata huɗu duk a asibiti na yi, duk ta zo barka, ba ta taɓa kwana ba. Nakan yi mata turmin atamfa da salla, in aika mata shinkafa da azumi. Ina ganin kamar hakan magana ce. Sau da yawa na shirya zan ce mata ta yafe ni, in na je sai ta jawo hirar tsadar kalwa, ni ma in bi ta. Shekara ashirin da shida ina cewa sai wani zuwan.

Ranar addu'ar uku, bayan an raba gumba mutane sun ragu, aminiyar Gwaggo ta kira ni ɗaki. Tsohuwa ce da suka taso tare tun a ƙauye, idonta ya fara tafiya. Ta ce in taya ta naɗe kayan marigayiya. Muna naɗewa ta ce, "Kin san ta taɓa haihuwa?"

Na ce na dai ji an ce ta yi wani bai zauna ba.

"Namiji. Ina wurin. Ba a taɓa mai kunya irin ta Gwaggonki ba a garinmu. Yana faɗowa ta juya bango, tsofaffi suna ta yaba ta. Aka wanke shi, aka kwantar can gefe. Aka tatse dakashi aka zubar, aka sa tururuwa a nonon a gwada, aka ce bai yi ba tukuna, a jira. Ruwa ake ba shi. Yana kuka, nono yana zuba har ya jiƙa mata zane, ba ta juyo ba. Rana ta uku ya yi shiru. Da aka zo ɗaukarsa ma ba ta juyo ba, don ɗan fari ba a yi masa kuka. Ta ce min har gobe ba ta san kamanninsa ba. Ba ta san ko fari ne ko baƙi ba. Allah bai sake ba ta wani ba."

Ta laluba ta ɗauki wata riga mai faɗin wuya ta ninke.

"Shi ya sa kika ga in ta karɓi haihuwa sai ta tsaya ta ƙare wa fuskar yaro kallo."

Na kasa naɗe abin da ke hannuna. Ashe ranar da na juya mata baya na fuskanci bango, ta san bangon. Tana zaune a bayana kwana biyar tana kallon abin da ta yi, da 'yata a ƙirjinta, ni kuma na kira ta mai goyon biri.

Tsohuwar ta fita alwala. Sai ga 'yata ta shigo da kofin kunu, ta ga fuskata, ta zauna a bakin gado. Ta ɗauka kukan rashi nake, ta shiga lallashina.

"Umma, ki yi haƙuri. Wallahi Gwaggo tana ji da ke. Watan jiya da na zo gaishe ta, ta ce min in na haihu in yi koyi da ke. Ta ce kwana biyar kina ɗauke da ni a ƙirjinki, a zaune kike barci, dangin Abba suna miki dariya ba ki kula su ba. Ta ce ba kowace uwa ce za ta iya ba."

Na dube ta. Da na yi shiru, da shi ke nan. Hajiya ta rasu, Gwaggo ta rasu, babu sauran wanda zai tona. Gwaggo da kanta ta ɗinka min rigar ta sa min, abin da ya rage kawai in ci gaba da sawa.

"Ba ni ba ce," na ce.

"Na'am?"

"Ba ni ba ce. Ita ce."

Na faɗa mata duka, tun daga turewar farko, da cire mata nono in na ji taku, da dariyar da na yi, da maganar da na sallami Gwaggo da ita, da sanyin tafin ƙafarta, da amsar da na ba nas. Ban rage komai ba. Tana saurare, hannunta a kan cikinta, kunun ya huce a ƙasa.

"Kin ba ta haƙuri?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ta miƙe da ƙyar ta nufi ƙofa. Na ga in ta fita a haka ban san yadda za ta dawo ba, sai na kira ta. Da sunanta na kira ta, na yanka, wanda tun da aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba, sai dai in ce ke, ko in ce yarinyar nan. Ta tsaya ta leƙa tsakar gida tana neman mai kiranta. Sai da ta ga ba kowa sannan ta gane daga bayanta ne.

"Na'am, Umma," ta ce, ba ta juyo ba. Sannan ta fita ta zauna kusa da aminiyar Gwaggo.

Yau sati uku ke nan. Tana kira ta gaishe ni kullum da safe kamar yadda ta saba, amma ba mu sake komawa kan maganar ba, kuma ban san ko za ta so in tsaya a kanta ranar haihuwarta ba. Ban tambaya ba, ba ni da bakin tambaya. Matan Islamiyya na faɗa musu ranar Asabar, a tsaye, wasu suka sunkuyar da kai saboda ni. Wannan rubutu kuma na sauran ne, duk wanda ya taɓa yaba min, ya mayar da yabonsa Rigachikun, wurin mai daddawa.

Allah Ya gafarta wa Gwaggo, Ya yalwata mata kabarinta, Ya ɗumama ta da rahamarsa. Ni kuma Ya sa ta yafe min tun kafin ta tafi, tunda ban bar wa kaina damar ji daga bakinta ba. Ya Allah, Ka haɗa ta da yaron nan nata, Ka nuna mata fuskarsa.